Cingam ɗin da na ba Alhaji Isaka

Da, in mutum ya dawo daga tafiya, shi ke da labarinsa. Sai ya huta, ya zauna a zaure, sannan ya warware shi a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, abin da bai yi masa daɗi ba kuma ya bar shi can inda ya faru. Haka mahaifina ya riƙa yi in ya dawo daga fataucin goro a Kumasi, haka ni ma na yi duk shekarun da nake kai fata da yadi tsakanin Kano da Lome da Abijan da Jidda. Yanzu kuwa kafin jirgi ya sauke ka labarinka ya riga ka isa gida ta waya, kuma ba kai ka zaɓi gefen da za a aiko ba. Tun da na dawo daga Ingila mutanen majalisarmu ke tambayata yadda ƙasar take. In na ba su labarin ruwan sama da bas mai bene sai su zuba mini ido, don sun ji ƙishin-ƙishin wani abu ya faru a Birmingham. Na gaji da kewaye-kewaye. Ga yadda aka yi.

Ɗana Nasiru ya daɗe a Manchester, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Babban ɗansa Bashir ya gama karatu, yana aiki a wani kemis, ya kuma ga yarinyar da yake so, sunanta Sakina. Iyayenta Hausawan Gana ne mazauna Birmingham. Mahaifinta ya rasu, don haka aurenta yana hannun yayan uban, wani dattijo da ake kira Alhaji Isaka. Kusan shekara guda dattijon nan yana ja musu rai. Ya ce ba zai ba da 'yar ƙanensa ga mutanen da bai ga tushensu ba, sai an kawo masa babba daga gida. Babban da aka kawo, ni ne.

Na tashi daga Kano da ƙwarya biyu ta farin goro, na sa an naɗe mini shi cikin ganye da jiƙaƙƙen buhu yadda ake yi tun kaka da kakanni. Ni kaina rabona da goro shekara biyu. Likitan haƙori ya cire mini turame uku, ya ce sauran ba za su iya da taurinsa ba. Wanda bai taɓa cin goro ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Na yi tafiyar nan da ƙamshinsa a jakata kamar mai azumi a gidan biki.

A Alƙahira muka sauya jirgi. Na shiga makewayin filin jirgin na buɗe buhun ina yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, sai ga mai shara ya tsaya a kaina yana tambaya ko mene ne wannan. Na yi masa bayani da Larabci, na ba shi ɗaya. Ya gatsa, ya ɓata fuska, ya ce Allah ya shirye mu mutanen yamma.

A Manchester wata ma'aikaciya ta buɗe jakar, ta ga ganye a jiƙe, ta ja baya. Na tsallaka iyakoki da yawa a rayuwata. A wasu ana so ka rusuna, a wasu ana so ka miƙa hannu. A nan ba a son ko ɗaya, tambaya kawai ake yi maka cikin ladabi har sai ka fara shakkar kanka. Ta kira wani abokin aikinta baƙar fata, wanda ya ce iyayensa mutanen Ibadan ne. Ya duba, ya yi dariya, ya tambaye ni ko aure za a yi. Suka bincike goron ɗaya bayan ɗaya suka sallame ni. Har yau ban san ko doka ce ta yarda ko yaron nan ne ya tuna kakarsa ba.

Nasiru yana zaune a Whalley Range, cikin wani tsohon gida babba da aka yanka shi flat-flat, iyali huɗu ƙofar waje ɗaya, kuma ba wanda ya san sunan wani. Kwanana biyu na kunna turaren wuta a ɗaki bayan walaha, sai na'urar gano hayaƙi da ke jikin silin ta ɗauki kuka kamar an taka jelar kare. Duk gidan aka fito. Wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasanmu ta hau bene da kyanwarta a hannu, tana ta ba ni haƙuri, alhali ni na yi laifi. Wannan ɗabi'arsu ce. Ka taka mutum a cikin bas, shi zai riga ka cewa yi haƙuri. A Abijan da tuni an cire riga.

Abinci bai ba ni wahala ba, don surukata tana tuƙa tuwo, kuka da daddawa kuma ana samunsu a shagunan Cheetham Hill, inda za ka ji yare biyar kafin ka kai ƙarshen layi. Sau ɗaya Bashir ya saya mini kifinsu da soyayyen dankali. Ba laifi, sai dai kamar mai girkin ya tafi ɗauko yaji ya manta bai dawo ba.

Abin da ya kayar da ni rana ce. Lokacin zafinsu na je, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura. Ka idar da isha'i, kafin ka juya gefe biyu an ce asuba ta yi. Barcina ya rikice gaba ɗaya. Da rana ana magana da ni sai a ga kaina ya faɗi. Bashir ya samu abin tsokana. Hausarsa a karye take, amma ta ishe shi rashin kunyar jika da kaka. Ya ce, “Tsoho, in ka yi minshari a gaban surukaina zan ce a hanya na tsince ka.” Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yarinyar ma in ta gan ni ba za ta sake kallonsa ba, don ni ne angon na gaskiya.

Ranar Asabar muka kama hanyar Birmingham a mota, Bashir na tuƙi, ni a gefensa, Nasiru a baya. A gida ba uba ba ango a wurin neman aure, amma a can mutane ba su da yawa, kuma Alhaji Isaka ya ce yana son ganin yaron da idonsa. Ba mu yi nisa ba na fara gyangyaɗi. Da muka tsaya shan mai, Bashir ya zaro wani ɗan fakiti daga aljihun ƙofar mota, ya ɓallo farin cingam guda ya miƙa mini. Ya ce tun suna jami'a suke taunarsa lokacin jarrabawa, yanzu kuma sai in zai yi doguwar tafiya. Ya ce akwai kafeyin a ciki, abin nan da ke cikin kofi da goro mai hana barci, kuma guda ɗaya kamar kofi mai ƙarfi ne. Ya ɗaga yatsa ya ce, “Ɗaya kawai, Kaka. Ba alewa ba ce.”

Na tauna. Da farko sanyin na'a-na'a, sannan daga ƙarƙashinsa wani ɗaci ya taso. Ɗacin nan na sani. Kafin minti goma idona ya washe, ƙwaƙwalwata ta buɗe kamar an ɗage labule. Shekara biyu ban ji haka ba. A can kai kake zuba wa motarka mai, sannan ka shiga shago ka biya. Da Bashir ya shiga, Nasiru kuma ya tafi alwala, sai na miƙa hannu na ɗauke fakitin na sa a aljihun rigata. Da furfurata na yi wa jikana sata. Kafin mu shiga Birmingham na ƙara na biyu. Akwai rubutu ƙanana a bayan fakitin. Ina karanta Turanci da Faransanci da Larabci, tabarau na kuma yana aljihu ɗaya da cingam ɗin. Ban duba ba.

Gidan Alhaji Isaka yana cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna. Falon ƙarami ne, dattawa shida a ciki gwiwa na gogar gwiwa. Shi kansa siriri ne dogo, tsohon tela, mai ƙarancin magana. Hausarsu ta zango ce, mai daɗi a kunne, namiji da mace duk “shi” ne a bakinsu. Aka kawo wake da shinkafa irin nasu da baƙin yajin nan mai kifi. Bashir ya gaida su ya koma can bakin ƙofa ya rakuɓe.

Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Mai neman aure kalmominsa kaɗan ne, amma ni na ɗauko tun daga Kumasi. Na jefa musu gaisuwa da yaren Asante, suka yi dariya. Da na ambaci sunan mahaifina da unguwar da yake sauka, sai Alhaji Isaka ya gyara zama. Ashe mahaifinsa fatoma ne, mai saukar da fataken goro, kuma a layin nan gidansu yake. Fuskarsa ta sake. Nasiru ya dube ni daga gefe, na ga farin ciki a idonsa. Abin da aka yi shekara ana nema ya kusa samuwa.

Sai na buɗe goron. Ɗakin ya ɗauki ƙamshi, dattawan suka yi ta sa albarka. Alhaji Isaka ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye a gefen faranti. Ya ce likita ya hana shi, shekara shida ke nan. Na buɗe baki na nuna masa giɓina, na ce ashe ciwonmu ɗaya. Ban tambaye shi dalilin hanin ba. Ni da aka hana don haƙori, sai na ɗauka duk wanda aka hana goro don haƙori ne. Kuma ya yi mini nauyi a ce kowa na tauna abin da na kawo, mai gida yana kallo. Na sa hannu a aljihu na ce ina da abin da ya fi goro laushi.

Ya duba ya ce, “Ba wani abu a ciki?”

Na ce, “Cingam ne kawai, Alhaji. Yara ma suna tauna.”

Na san akwai abu a ciki. An gaya mini sunansa ɗazu-ɗazu a hanya. Na dai ga ba shi da muhimmanci, kuma ban so in ɓata armashin kyautar da dogon bayani. Na ɓallo biyu na ba shi, don ba a miƙa wa babba abu guda. Shi kuma ɗan fatoma ne, ba zai mayar da hannun baƙo ba. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce ɗacin nan ya tuna masa gida. Da ya tofar a takarda na ba shi na uku.

Aka ci gaba da hira. Na gabatar da abin da ya kawo mu, wani dattijo ya amsa da addu'a, kowa ya juya ga Alhaji Isaka don jin bakinsa. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ɗora hannu a ƙirji. Gumi ya keto masa a goshi. Ya ce zuciyarsa tana tsalle kamar tsuntsun da aka rufe a kwando, sai ya jingina da kujera, numfashinsa na fita guntu-guntu.

Aka kira mahaifiyar Sakina, Hajiya Mariyama, wadda ke aikin jinya. Ta shigo cikin maza ba ta ko tsaya gaisuwa ba, ta kama tsintsiyar hannunsa, ta sa aka kira motar asibiti. A bakinta na fara jin cewa ciwon zuciya gare shi, irin wanda bugunta ke rikicewa, shi ya sa aka hana shi goro da kofi, shayi ma sai marar ƙarfi. Ta ga goro a faranti, ta tambaya ko ya ci. Dattawan suka ce wallahi bai ci ba. Gaskiya suka faɗa. Sun ga cingam, amma wa zai kawo cingam a ransa?

Ni na kawo. Tun da ta ce kofi na gane. Hannuna yana cikin aljihu, yana riƙe da fakitin.

Ma'aikatan motar suka iso, mace da namiji, suka manna masa wayoyi a ƙirji. Macen ta tambaya da Turanci ko ya sha wani magani, ko ya ci wani abu da bai saba ci ba. Ta ce ko ƙaramin abu ne a faɗa, zai taimaka musu. Ba kalma ɗaya da ta wuce ni. Na dubi kafet. A raina ina cewa in na yi magana auren ya rushe, ai za su gano da kansu a asibiti, ai ƙila ma ba shi ne sanadi ba. Ta sake tambaya. Alhaji Isaka ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, bai ce komai ba. Ko bai danganta abin da cingam ba ne, ko ba ya son kunyata baƙo a ɗakinsa, a lokacin ban sani ba.

Bashir ya taso daga bakin ƙofa. Ashe tun da muka sauka ya lura fakitin ba ya motar, kuma yanzu ya ga takardar da dattijon ya tofar a ciki. Ya zo ya durƙusa a gabana, ya yi ƙasa da murya ya ce, “Kaka, ba ni.”

Na ce in ba shi me.

“Don Allah, Kaka.”

Ban motsa ba. Sai ya sa hannu cikin aljihuna a gaban kowa, ya ɓamɓare yatsuna, ya zaro fakitin. Ya tambaye ni nawa na ba Alhaji. Na ce uku. Ya miƙe ya kai wa ma'aikaciyar, ya yi mata bayanin abin da ke ciki da lokacin da aka tauna. Sannan ya juya ga Hajiya Mariyama ya ce cingam ɗin nasa ne, shi ya kawo shi cikin mota, kakansa ne ya ba Alhaji. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ta dube ni. Na sha kallon 'yan sanda da na 'yan kwastan a ƙasashe da dama, ban taɓa jin kallo ya tuɓe ni kamar nata ba.

Aka fita da Alhaji Isaka a kujera mai taya. Dattawan suka watse ba tare da an shafa fatiha ba, goro na nan a faranti. Muka koma Manchester rana tana sama kamar ba abin da ya faru. Nasiru ɗana ne, ba zai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu aka riƙe Alhaji Isaka a asibiti kafin bugun ya daidaita. Likitocin ba su ce cingam ne kaɗai sanadi ba, amma ba su wanke shi ba. A kwanakin nan Bashir yana zuwa aiki yana dawowa, ya gaishe ni ya shige ɗaki. Wayarsa ba ta yi ƙara ba, na kuma san kiran wa yake jira.

Rana ta huɗu na ce wa Nasiru ya kai ni Birmingham. Muka hau jirgin ƙasa. Muka tarar da dattijon a falonsa da bargo a ƙafa, ya ƙara ramewa. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa wani ba tun bayan mahaifina, na roƙi gafara. Ya ce maganar cingam ya yafe, don da hannunsa ya karɓa, kuma shi ma kwaɗayi ya ja shi. Sannan ya ce, “Amma shirun fa, Alhaji? Ina kallonka.”

Na so in ce tsoron lalacewar auren yaron ne ya rufe mini baki. Akwai wannan a ciki. Amma na gaya masa gaskiya, cewa abin da ya fi yawa tsoron a ce dattijon da aka ɗauko daga Kano ne ya yi wannan wautar. Na zaɓi sunana a kan numfashinsa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce shekara guda yana cewa a kawo masa babba don ya ga tushen yaron, ashe wahalar da kansa ya yi. Ya ce yaron da zai sa hannu a aljihun kakansa a gaban surukai, ya san zai iya rasa matar, ya kuma ce abin nasa ne, ba ya buƙatar a tsaya masa. Ya dubi Nasiru ya ce, “Ka gaya masa na ba shi Sakina. Shi na ba.”

A jirgin dawowa Nasiru ya gaya mini sauran. Hajiya Mariyama ta amince, amma ta roƙi a samu wani ya karɓi auren, ba ni ba. Na ce ta yi daidai. Bayan mako uku aka ɗaura a wani masallaci a Birmingham. Wani abokin Nasiru ɗan Zariya ne ya karɓa wa Bashir. Ni ina sahu na huɗu, na shafa fatiha tare da jama'a.

Bashir ne ya kai ni filin jirgi. Ya ɗauki jakata, ya duba takarduna, ya tabbatar an ba ni kujera kusa da hanya saboda gwiwata. Na gwada tsokanarsa, na ce ya kula mini da amaryata kafin in dawo. Ya yi murmushi ya ce in sha Allahu. Na jira ramuwa, ba ta zo ba.

Bashir da Sakina suna zaune lafiya, Alhaji Isaka ma da sauƙi. Duk Juma'a Bashir yana kirana, ya tambayi jikina da mutanen gida, ya ba Sakina mu gaisa. Ba abin da zan ce ya rage mini na ladabi. Amma tun ranar da ya zaro fakitin nan daga aljihuna bai sake yi mini wasan jika ba. Alhaji yake ce mini yanzu.